Kunnena na Hagu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarku. Yaya jikin Inna? Da fatan gwiwar nan ta sassauta mata, kuma ta daina tura magani ƙarƙashin matashi tana rantse muku ta sha. Allah ya ƙara mata lafiya, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiyar da kike yi da ita, wadda mu na nesa ba mu da abin biya sai addu'a. Mu ma nan muna godiya ga Allah. Abban yara yana nan da aikinsa da ƙorafinsa a kan tsadar komai, babbar 'yarki ta shiga shekarar ƙarshe ta karatu, ƙaramar kuwa ta yi tsawo har tana leƙa tsakiyar kaina tana ƙirga min furfura.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da ko gajeren saƙo sai kin yi min gori nake turowa. Kin daɗe kina mitar cewa duk lokacin da kika kira sai in ce layi ba kyau in kashe, har kika ce wa Inna girman farfesa ne ya fara hawa kaina. Yaya, layi lafiyarsa ƙalau. Kunnena ne. Na kasa faɗa miki da baki, don in na fara kuka kika fara ba ni haƙuri, rabin abin da za ki ce ba zan ji ba. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro. Ina cikin tsoro irin wanda ban taɓa shiga ba, kuma akwai abin da nake nema wanda ke kaɗai kika sani.

Bari in fara daga aikin, ko da yake kullum kina tsokanata wai ba ki taɓa jin wanda ya zama farfesa a kan waƙar 'yan firamare ba sai ƙanwarki. Tun ina ƙaramar malama na lura yawancin makarantu ba su da fiyano, ba su da ko sarewa, amma kowane aji yana da malami mai baki ɗaya da kunne biyu. A kan haka na gina komai. Malama ta rera layi, yara su amsa, ta kasa kunne, ta gyara, su sake. Littattafan da na rubuta, ɗaliban da na yaye, tarurrukan da na yi ta hawa jirgi dominsu, har kujerar shugaban sashe da nake kai, duk a kan kunne suke zaune. Ɗalibai suna kirana Sikeli a bayan idona, wai in murya ta kauce ko da ƙwayar gashi ne sai na auna ta. Na sani, kuma ba zan ɓoye miki ba, sunan yana yi min daɗi.

Akwai wani tsari da na saba da shi in na je duba ɗalibanmu da ke koyon koyarwa. Nakan zauna a bencin ƙarshe, ba na cewa uffan, don ba na son in kunyata malama a gaban yaranta. Fensir kawai nake riƙewa. In muryar yara ta sauka ƙasa da inda ya kamata, sai in ɗaga bakin fensirin sama. In ta zarce, in karkata shi ƙasa. Malamar ta gani ta gyara, yara ba su san an yi komai ba. Duk wanda ya bi ta hannuna ya san fensirin nan, wasu har sun tafi da ɗabi'ar makarantunsu.

A zangon da ya wuce na je duba wata ɗaliba da muke ce wa Doguwa, wadda a cikin 'yan shekararta babu mai kunne kamarta. Ajin yana bakin titi, tagoginsa ba gilashi, an jingina min benci a kusurwa ta yadda kunnena na dama ke fuskantar taga da hayaniyar motoci, na hagu kuma ke fuskantar yara. Ban kawo komai a raina ba. Ta koya musu wata 'yar waƙa a kan ruwan sama, wadda layinta na uku ke hawa sama kafin ya sauko. Suka amsa layin farko da na biyu tas. Da suka zo na uku sai na ji sun kasa kai wa, muryar ta lanƙwasa ta tsaya a hanya. Na ɗaga fensir. Doguwa ta dubi fensirin, ta ɗan yi jim, sannan ta ce su sake, su ɗaga kaɗan. Suka sake, na ji har yanzu da saura, na ƙara ɗagawa. Haka muka yi ta yi, ina ɗaga fensir tana tura yara sama, har waƙar ta koma tsuwwa, wata 'yar mitsitsiya a layin gaba ta kama maƙogwaro tana tari. Na fito raina a ɓace, na rage mata maki, na ce mata a bakin ƙofa ta koma ta gyara kunnenta kafin ta ɓata na 'ya'yan mutane.

Bayan 'yan kwanaki mataimakina ya shigo ofis. Shi ma ɗalibina ne a da, yanzu dakta ne, kuma shi ke ɗaukar sautin duk darussan nan saboda bincikenmu. Ya rufe ƙofa, abin da ba ya yi, ya kashe fanka, ya tsaya yana ta gaishe ni kamar mun shekara ba mu haɗu ba. Nan na sha jinin jikina. Ya buɗe kwamfuta ya kunna darasin Doguwa, ya nuna min zanen da na'ura ke yi na hawa da saukar murya. A amshin farko, kafin in taɓa fensir, yaran nan sun sauka daidai a inda ya kamata, ba ƙari ba ragi. Daga inda na ɗaga fensir ne zanen ya fara kaucewa, kuma duk ɗagawa sai ya ƙara nisa. Na ce masa na'urarsa ce ta sami matsala, har da ɗaga murya. Bai musa ba. Ya roƙe ni, kansa a ƙasa, in toshe kunnen hagu in saurara, sannan in toshe na dama.

Na toshe na hagu, na ji yara suna waƙa mai kyau, layi na uku ya hau ya zauna daram. Na toshe na dama, na ji waƙar nan dai, yaran nan dai, amma layin ya lanƙwashe ya kasa kai wa. Yaya, na yi ta sauya yatsa daga wannan kunne zuwa wancan kamar ƙaramar yarinya, ina fatan a wani karon su daidaita. Da na tambaye shi tun yaushe ya lura, sai ya ce ya ɗan jima yana zargi, amma wa zai tunkari Sikeli ya ce mata awonta ya kauce.

Na kira Doguwa na mayar mata da makinta, na ba ta haƙuri. Abin da ta faɗa min shi ya fi komai tsinka min zuciya. Ta ce ita ta ji yaran sun yi daidai tun farko, amma da ta ga fensir ya tashi sai ta yanke cewa kunnenta ne ba shi da kyau. Ta ce tun ranar ba ta ƙara yarda da abin da take ji ba, har ta fara tambayar yadda ake komawa sashen lissafi. Kin ga abin da na yi? Na shekara da shekaru ina koya wa mutane su dogara da kunnensu, ashe fensirina suka dogara da shi. Yarinya mai lafiyayyen kunne da aji guda na yara, duk suka bar daidai suka bi ni. Kuma ban san azuzuwa nawa na shiga a bana na yi irin haka ba tare da kowa ya ce min komai ba.

Abban yara ne ya kai ni wurin likitan kunne. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki mai kamar akwati, bangonsa duk soso, aka rufe ƙofa mai nauyi, aka ɗora min abin ji a kai, aka ba ni wani maɓalli in danna duk lokacin da na ji ƙara. Ta gilashi ina hango ma'aikaciyar. Da aka zo kunnen hagu, sai in ga hannunta ya motsa, ta ɗago ta dube ni, ni kuwa ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Sau biyu na danna don kawai na ga ta motsa, ta yi murmushin tausayi ta girgiza kai. Ni da nake yi wa mutane jarrabawar kunne, ga ni ina satar amsa. Likitan ya ce na hagu ya yi nisa, musamman a sirarun sautuka na sama, kuma shi ya sa yake karkata min murya. Ya ce na dama ma ya fara, amma kaɗan. Na tambaye shi ko na'urar da ake saƙalawa a kunne za ta gyara, ya ce za ta ƙara min ƙarfin sauti, amma ba ta miƙe abin da kunne ya lanƙwasa. Na tambaye shi shekara nawa suka rage min kafin jin ya tafi gaba ɗaya, ya ce ba zai iya yanke min ba. Sai ya ajiye biro ya tambaye ni ko akwai wanda ya kurumce a gidanmu.

Yaya, tun daga lokacin Baba nake gani. Ina ganinsa a shagonsa na gyaran rediyo, ƙananan sukurori a cikin murfin gwangwani, ƙarfen narka dalma yana hayaƙi a gefe. Lokacin da abin ya fara masa ni ina can wajen karatu, ke ce a gida. Da na dawo na tarar ya riga ya koma ɗora tafin hannu a kan lasifika don ya san ko rediyon ya tashi, masu kaya suna dawowa da su suna cewa muryar tana shaƙewa, shi kuma yana rantsuwa lafiyarta lau. Na tuna yadda muke ɗaga murya mu yi masa magana sai ya ɗauka faɗa muke yi masa, ya tashi ya bar wurin. Abin da ya fi tsaya min shi ne dariyarsa. In ana hira aka yi raha, sai ya bi fuskokinmu da kallo, in ya ga mun dara shi ma ya dara, amma kullum a makare, bayan kowa ya gama. Makon jiya a taron shugabannin sassa, a wani dogon tebur, na'urar sanyi tana gurnani, wani daga can ƙarshe ya faɗi wata magana, aka kwashe da dariya. Na dubi fuskoki, na yi tawa. Ina rufe baki na gane dariyar wa na yi. Sai da na nemi izini na fita, na je na tsaya a bayi ina riƙe da bakin famfo.

Kuma duk wannan ya zo ne a daidai lokacin da abin da na fi nema a rayuwata ya iso. Jami'a ta amince a buɗe cibiyar horar da malaman waƙa, wadda na yi ta rubutu da hawa bene ina roƙo a kanta tun ƙaramar 'yarki tana goye. An ba mu gini, an yi fenti, an kafa kujeru, kuma shugaban jami'a ya kira ni ya ce babu wanda zai shugabance ta sai ni. A ranar buɗewa ɗalibai za su rera waƙa a gaban baƙi, kuma kowa ya san ba a taɓa fiyano in ina wurin. Ni nake tsayawa a gaba in ɗauko musu muryar farko da bakina, su ɗora a kai. Da wannan aka san ni. Yanzu in na buɗe baki, kunnena ɗaya yana ce min nan ne, ɗayan yana ce min ba nan ba. In na ɗauko a karkace duk za su bi ni, kamar yadda Doguwa ta bi ni, kuma baƙi za su tafa, wanda ya gane kuma zai yi shiru saboda girmana. Wannan shirun nake tsoro fiye da a yi min dariya.

Mataimakina yana cewa cibiya kai take buƙata ba kunne ba, wai shi da sauran malamai za su zama kunnuwana, ni in riƙe tsari da bincike. Abban yara kuwa cewa ya yi shi bai ga sabon abu ba, tun da ya aure ni nake yi masa kunnen uwar shegu, yanzu ne kawai likita ya ba ni shaida. Na yi dariya, amma na lura in muna tafiya a titi ya daina bin hagu da ni, sai ya zagayo dama ba tare da ya ce komai ba, kuma wannan ya fi sa ni kuka. Sun yi gaskiya wataƙila, amma ni ban san wace ce ni ba in aka cire kunnen. Ban taɓa koyon wata hanya ta sanin duniya ba. Ko 'ya'yana, da sautin takunsu a bene nake gane wadda ta dawo da fushi.

Abin da na iya yankewa kaɗan ne. Na jefa fensirin cikin aljihun tebur, ba zan ƙara ɗaga wa kowa shi ba. Mako mai zuwa zan je wurin shugaban jami'a in faɗa masa komai da bakina kafin ya ji a bakin wani. Ko ya bar min kujerar, ko ya ba wani, ban sani ba. In ya bar min, Doguwa ce za ta ɗauko muryar farko ranar buɗewa. Na riga na faɗa mata, ta zaro ido ta ce ba za ta iya ba ina tsaye a wurin, na ce mata zan tsaya a bayanta hannuwana a naɗe.

To ga abin da nake roƙo, Yaya. Ki zauna ki tuna min, don likita yana son sani, ni kuma na fi shi so. Baba yana da shekara nawa abin ya fara masa? Wane kunne ne ya riga? Yana ƙorafin ƙara a ciki, kamar kukan gyare, ko jiri? Kuma daga ranar da kuka fara lura zuwa ranar da ya daina juyowa in an kira shi, tsawon wane lokaci aka ɗauka? Na san halinki, za ki so ki ƙara min shekaru don ki kwantar min da hankali. Don Allah kada ki yi. Ki faɗa min yadda yake, ko da gajere ne, don in san yadda zan yi da abin da ya rage. Kada kuma ki faɗa wa Inna tukuna. Ita ta yi zaman shirun nan da Baba, ba na son ta fara lissafa nawa tun yanzu.

Ki gaishe min da Inna gaisuwa ta musamman, ki ce mata fushin da take yi da ni a kan waya ya kusa ƙarewa. Ki gaishe da maigidan, da Kawu da iyalinsa, da Gwaggo, ki ce mata saƙonta ya iso kuma na gode. Cikin yaranki ina gaida takwarata, da mai sunan Baba, da Sarkin Surutu, wanda na ji an ce har yanzu ba ya barin kowa ya kai ƙarshen zance. Abban yara da 'ya'yanki biyu suna miƙa gaisuwa, ƙaramar ta ce in tuna miki alkawarin zuwa.

Saura abu ɗaya, kuma kada ki yi min dariya. In kin gama rubuta amsa, ki ɗauki wayarki ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa, ki naɗa min muryarki. Ki rera min 'yar waƙar nan da Baba ke yi ƙasa-ƙasa in yana narka dalma, wadda kike cewa ba ta da kai ba ta da gindi. Na neme ta a kaina na rasa inda take farawa. Na san kin ce ke muryarki ta korar kaji ce, ba komai, wannan karon babu mai riƙe da fensir. Sannan ki lallaɓa ki kai wayar kusa da Inna ba tare da ta sani ba, ki ja ta da hira, ki bar ta ta yi ta faɗa, ki sa ta kira sunana yadda take kira in na yi laifi. Ki turo da wuri, kada ki jira sai kin sami lokaci. Ina so in yi ta saurare da kunnen dama har in haddace ku, tun yana faɗa min gaskiya.

Allah ya sada mu da alheri, ya sa in ji sallamarki da kunnena ranar da za ki zo.

Taki har kullum,
Ƙanwarki.